Tafiya Yamai daga Kebbi da Zamfara: tambayoyi da amsoshi

Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar tun 1926 da Turawan Faransa suka ɗauke hedikwata daga Damagaram, yana zaune ne a gaɓar Kogin Kwara, a ƙasa mai yashi da zafin rana wadda ke bakin hamada. Mutumin Birnin Kebbi ya fi kusa da Yamai a kan Abuja, amma da yawa daga cikin masu niyyar zuwa fatauci, ziyarar dangi ko karatu suna maimaita tambayoyi iri ɗaya kafin su kama hanya.

Wace hanya ce ta fi dacewa ga mai tashi daga Kebbi?

Hanyar Kamba. Matafiyi zai tashi daga Birnin Kebbi ya bi ta Kalgo da Bunza har Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi, inda shingen iyaka yake. Daga nan ɗan taƙi ne zuwa Gaya, garin farko mai girma a ɓangaren Nijar. Daga Gaya zuwa Dosso kimanin kilomita 150 ne, daga Dosso zuwa Yamai kuma kimanin 140, a kan babbar hanyar ƙasa da ta ratsa Birnin Gaure. Idan aka duba taswira kawai, sai a ce tafiyar rabin yini ce, amma wanda ya taɓa yin ta ya san cewa tsayuwa ce ke cinye lokaci: jiran mota ta cika a tasha, sauka a shingen jami'an shige da fice, buɗe kaya a gaban 'yan duwan (wato jami'an kwastan), sannan jandarmomi da ke karɓar takardun fasinjoji su duba ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka a ware mata yini guda cur, a kuma fita da zarar an sallame sallar asuba.

Mutanen Zamfara fa?

Wanda ya taso daga Gusau ko Talata Mafara ya fi sauƙi ya bi ta Sakkwato zuwa Illela, ya tsallaka zuwa Birnin Ƙonni, inda manyan motocin safa da ke fitowa daga Maraɗi da Damagaram suke tsayawa. Daga Ƙonni zuwa Yamai ya haura kilomita 400, ta Dogon Dutsi da Dosso. Hanyar ta fi tsawo, sai dai motocin suna da lokacin tashi, ana kuma sayen tikiti tun kafin ranar. Shawarata ita ce a kwana a Sakkwato ko Ƙonni, kada a matsa sai an haɗe tafiyar a rana ɗaya, domin ba hanyoyin da ake bi da dare ba ne a halin da ake ciki.

Tun da kogi ɗaya ne ya ratsa Yawuri da Yamai, ba za a iya bin ruwa ba?

A ido abin kamar zai yiwu, domin ruwan da ya wuce ƙarƙashin gadojin Yamai shi ne yake gangarowa ta Gaya ya shigo Najeriya ta jihar Kebbi, ya isa Yawuri da tafkin Kainji. Masunta da 'yan kasuwar bakin ruwa suna zirga-zirga da kwale-kwale tsakanin garuruwan gaɓa tun kaka da kakanni. Amma babu jirgin fasinja mai tsayayyen lokaci da ke haɗa biranen, ruwa yana janyewa sosai a ƙarshen rani, kuma tsakanin Gaya da Yamai kogin yana bi ta gefen gandun dajin W, wanda masu ɗauke da makamai suka daɗe suna fakewa a cikinsa. Wanda ke sha'awar shiga kwale-kwale ya bari sai ya isa Yamai ya yi ɗan zagaye da yamma.

Jirgin sama ko jirgin ƙasa?

Filin jirgin saman Yamai shi ne na Diori Hamani, amma babu jirgin da ke zuwa can kai tsaye daga filin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi. Sai mutum ya gangara Abuja ko Legas, sau da yawa kuma ya sauya jirgi a wani birni kamar Lome, wato ya yi zagayen dubban kilomitoci don isa garin da ke bayan gidansa. Layin dogo da aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Dosso kuwa, matafiyi zai gan shi a gefen titi, amma kada ya jira jirgi a kansa.

Waɗanne takardu ake bukata, ganin Nijar ta fita daga ECOWAS?

Nan ne ya kamata a natsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka, aka sake buɗe ta a watan Maris 2024, sannan ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata a ranar 29 ga Janairu 2025. A lokacin ɓangarorin biyu sun bayyana cewa 'yan ƙasashen za su ci gaba da shiga da fita ba tare da biza ba. Duk da haka, sakacin da aka saba yi a da, inda mutum zai tsallaka da baki kawai yana cewa gidan kawunsa za shi, ba ya kai mutum Yamai yanzu. A riƙe fasfo, a tabbata an buga masa hatimin shiga, a haɗa da katin rigakafin shawara. Mai tafiya da motarsa zai bukaci takardun mota cikakku, inshorar da ke aiki a ƙetare, da takardar izinin shigar da mota daga 'yan duwan. Kafin ranar tafiya a tambayi direbobin tashar Kamba ko Illela halin da iyaka take ciki a wannan makon, domin su ne suke fara sanin duk wani sauyi, har da labarin inda 'yan bindigar Lakurawa suka ɓulla a yankunan iyaka.

Wane lokaci ne ya fi daɗin zuwa?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, duk da ƙurar da ke busar da leɓe. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 kusan kullum, kuma ko Bakabe ko Bazamfare da ya saba da bazarar gida zai ji a jikinsa. Mai zuwa a wannan lokaci ya gama hidimarsa kafin azahar, ya yawaita shan ruwa, ya kuma nemi masaukin da ke da injin wuta, saboda yankewar lantarki ta fi yawa a daidai lokacin da ake bukatar fanka. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, tana kawo sauƙin zafi tare da sauro da ambaliya, kamar yadda kogin ya malale unguwannin bakin ruwa a 2020.

Yaya batun kuɗi da harshe?

Sefa ake kashewa, kuma ya fi kyau a yi canji a iyaka wurin wanda aka sani. Abin da ke ruɗa baƙo shi ne lissafi da dala. Dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka idan mai kilishi ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi, jaka ɗaya kuma sefa 1,000 ce. Baƙo yakan miƙa sefa 100 yana jin ya biya, mai kaya ya tsaya yana kallonsa. Zabarmanci ya fi ƙarfi a birnin, amma Hausa tana kai mutum ko'ina, musamman a Babbar Kasuwa da kasuwar Katako. Mutanen Dandi ba su da matsala ko kaɗan, tun da Dendanci ɗan'uwan Zabarmanci ne. Ga sauran, ko kalmar fofo kaɗai aka fara gaisuwa da ita, fuskar mai shago takan saki.

Me ya kamata baƙo ya gani, me kuma zai kiyaye?

Gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, ya cancanci a ba shi safiya guda saboda ƙasusuwan manyan halittun da aka tono a hamada da rumfunan maƙera da dukawa. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ita ce ke kai mutum Harobanda inda Jami'ar Abdou Moumouni take, kuma wanda ya taka ta da ƙafa gab da magariba zai ga masu wanki sun shanya tufafi a gaɓa, masunta suna komowa. Raƙuman dawa na Kure suna kimanin kilomita 60 kafin Yamai a kan hanyar Dosso, amma tun harin Agusta 2020 da ya hallaka mutum takwas a can, ba wurin da za a ratse kai tsaye ba ne sai da izinin hukuma. Kada a ɗaga waya don ɗaukar hoton shingen sojoji, gada ko ginin gwamnati, kada kuma a fita ko da sayen shayi ne ba tare da takardar shaida a aljihu ba.