Gigin tsufa: me kalmar take nufi, kuma yaushe abin ya zama ciwo?

A gidajenmu na Zamfara, idan dattijo ya fara maimaita tambaya ɗaya tun safe har azahar, ko tsohuwa ta ɓoye 'yan kuɗinta a ƙarƙashin tabarma sannan ta ce jikanta ya sace, hukuncin gida guda ne: "A ƙyale ta, gigin tsufa ne." Da an faɗi haka magana ta ƙare, don ba a kai tsufa asibiti.

Masu binciken lafiyar ƙwaƙwalwar tsofaffi ba su yarda tsufa ne kawai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama suna fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Abin da muke tarawa a ƙarƙashin suna ɗaya, cututtuka ne mabambanta, kuma wasunsu suna warkewa.

Wanda ya fi dacewa da sunan gigin tsufa shi ne ciwon mantuwa, wanda likitoci ke kira dimenshiya. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa sannu a hankali. Manta inda aka ajiye carbi, a tuna daga baya, wannan na kowa ne. Ciwo shi ne mutumin da ya shekara arba'in yana limanci ya riƙa rikicewa a raka'a kullum, ko ya fito daga masallaci ya kasa gane ƙofar gidansa. Abin da ya fi ɗaure wa iyali kai shi ne yana ba da labarin zamanin Sardauna dalla-dalla, amma an ɗauke kwanon tuwo ɗazu yana cewa ba a ba shi abinci ba. Sai a ce da gangan yake yi. Wallahi ba da gangan ba ne: sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon abu shi ke fara lalacewa, tsohuwar ajiya ta daɗe tukuna.

A 2021 mutum miliyan 57 ke da wannan ciwo a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe irin namu masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki. Mafi yawa cutar Alzaima ce, mai sunan likitan Jamus da ya bayyana ta a 1906. Mai bi mata kuwa toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke kawo ta, wadda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke haddasawa. Wannan ta fi tayar mini da hankali, ganin yadda dattawanmu ke ajiye maganin hawan jini da zarar ciwon kai ya lafa.

A Najeriya an yi bincike mai nauyi. Tun 1992 masana daga Ibadan da birnin Indiyanafolis na Amurka suka gwada tsofaffin Yarbawa da baƙaƙen fatar Amurka masu shekara 65 zuwa sama, da ma'auni iri ɗaya. Suka sami ciwon a wajen kimanin kashi 2 cikin 100 a Ibadan, kimanin kashi 8 a can. Da a ce tsufa ne kaɗai, da babu wannan tazara. Kuma saboda yawancin tsofaffin ba su yi boko ba, aka ƙirƙiro gwajin tsinken ashana: mai gwaji ya jera tsinke huɗu a wata siffa, tsoho ya kwaikwaya. Ba a buƙatar alƙalami.

Akwai kuma ciwon damuwa, wanda ke shigowa da rigar mantuwa. Tsoho ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace, ya bar zaman majalisa, kome aka tambaye shi ya ce "ban sani ba". Sau da yawa ba zai ce ransa a ɓace yake ba, sai dai ya ce jiki duk ciwo. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a kan tsofaffi 2,152 a ƙasar Yarbawa, wanda mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2007, ya nuna kimanin kashi 7 cikin 100 sun yi damuwa mai tsanani a cikin shekara guda. To, ina ga tsohon da 'yan bindiga suka raba da gonarsa a yankin Zurmi ko Maru, aka kore shanunsa, ya dawo Gusau yana zaune a zauren wani, bai san kowa a unguwar ba? Shirun wannan bawan Allah ba dole ne ya zama gigi ba. Damuwa tana jin magani da shawarar ƙwararru, ko a shekara 80.

Ruɗewar farat ɗaya kuma ta gaggawa ce. Tsohuwa lafiya lau jiya, yau tana sambatu, tana ganin abin da ba kowa ke gani ba. Zazzaɓi, ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafin bazara, faɗuwar suga ko wani magani na iya jawo ta. A kai ta asibiti ranar.

Abin da ke ci mini rai shi ne tsohuwar da ta fita da dare ta faɗa gidan maƙwabta tana surutai, a wayi gari ana raɗa cewa mayya ce. Maras lafiya ce. Alƙur'ani ma ya ambaci wanda ake mayarwa ga mafi ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya sani, a aya ta 70 ta Suratun Nahli.

Ciwon mantuwa ba shi da maganin warkewa har yanzu, amma kwamitin masana na Lancet ya ce a 2024 kusan kashi 45 cikin 100 nasa yana da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya gyarawa, cikinsu har da hawan jini, ciwon suga, taba, kaɗaici, raunin gani da raunin ji. Tsohon da ba ya ji sosai yakan janye daga hira, mu kuma mu ce ya ruɗe, alhali kunne ya kamata a duba.

Ana iya farawa daga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, jihar Sakkwato. Wanda ke kwana da tashi da tsohon shi ya kamata ya raka shi, ya tafi da duk magungunan da yake sha, har na gargajiya, don tambayar farko da likita zai yi ita ce: yaushe abin ya fara, kuma a hankali ya zo ko dare ɗaya?