Sarƙar Duwatsu Masu Daraja

Sarƙar duwatsu masu daraja abin ado ne na wuya da ake yi ta hanyar huda duwatsu a jera su a zare, ko a dasa su cikin zinariya ko azurfa. Daga cikin duwatsun da aka fi sani akwai aƙiƙ, yaƙutu, zumurrudu da daimon. Ana lissafa lu'ulu'u da murjani tare da su, ko da yake daga halittun ruwa ake samun su.

Tarihi

Wasu daga cikin tsofaffin sarƙoƙin da suka fi shahara an tono su ne a maƙabartar sarakunan tsohon birnin Ur, a kudancin Iraƙi, inda masanin kayan tarihi ɗan Birtaniya, Leonard Woolley, ya yi aikin haƙa tsakanin 1922 da 1934. A kabarin Sarauniya Puabi, wadda ake kyautata zaton ta rayu wajen shekara ta 2600 kafin haihuwar Annabi Isa, an tarar da tarin kayan ado na zinariya da jan aƙiƙ da shuɗin dutsen lazuli. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ake haƙowa a ƙasar Ur. Lazulin daga duwatsun Badakshan na Afganistan ya fito, dogayen 'ya'yan aƙiƙ kuwa ana danganta su da kwarin kogin Indus da ke yankin Pakistan ta yau, inda huda guda ɗaya kan ɗauki maƙeri kwanaki. Don haka wanda ya rataya irin wannan sarƙa yana nuna cewa hannunsa ya kai ƙasashe masu nisa.

Masarawan dā sun fi son faffaɗar sarƙa mai hawa-hawa wadda ke rufe ƙirji da kafaɗu. A wurinsu ja alamar jini da ƙarfin rai ne, kore na tsiro da sabuwar rayuwa, shuɗi kuwa na sararin sama. Suna haƙo fairuz, wani dutse mai launi tsakanin shuɗi da kore, a yankin Sinai, amma idan dutse ya yi ƙaranci sukan maye gurbinsa da gilashi mai launi iri ɗaya, har a cikin kayan Fir'auna Tutankhamun, abin da ke nuna cewa ma'anar ta fi rataya a kan launi.

Matsayin dutse yakan sauya da zarar an gano sabuwar mahaƙa. Ametis, wani dutse mai launin shunayya wanda Girkawan dā suka yi imani yana hana maye, ya daɗe cikin kayan sarakuna da manyan limaman coci, har aka samu shi da yawa a Brazil a ƙarni na 19, darajarsa ta faɗi. Indiya ce ke samar da kusan dukkan daimon kafin a gano shi a Brazil wajen 1725, sannan a Afirka ta Kudu a 1867.

Ma'anonin zamani

Jerin duwatsun watannin haihuwa da ake amfani da shi yanzu, wanda ya ware wa kowane wata dutsensa, ba tsoho ba ne, domin ƙungiyar masu sayar da kayan ado ta Amurka ce ta tsayar da shi a 1912. Batun cewa wasu duwatsu na warkar da cuta ko kare mai sanye da su kuwa, binciken kimiyya bai tabbatar da shi ba.

Tun farkon ƙarni na 20 ake ƙera yaƙutu a masana'anta, kuma yau ana yin daimon ma haka.