Organ Mai Bututu: Ma'anarsa da Tarihinsa a Cocin Trinity na New York

Organ mai bututu abin kiɗa ne da ke fitar da sauti ta hanyar hura iska cikin ɗaruruwa ko dubban bututai, waɗanda mutum ɗaya ke sarrafa su yana zaune a gaban maɓallai. Mutane da yawa suna ɗaukarsa babban piyano ne saboda kamannin maɓallan, amma aikinsu ya sha bamban, domin piyano yana bugun tsirkiya ne da 'yar guduma sautin ya tashi ya mutu, shi kuwa organ muryarsa ba ta yankewa muddin yatsa yana kan maɓalli kuma iska tana shiga. Wannan dogon numfashi ne ya sa ya dace da jagorantar taron jama'a masu waƙar yabo a babban ɗaki. Asalinsa ya girmi addinin Kirista, domin wani masani mai suna Ktesibiyos ne ya ƙera na farko a Iskandariyya ta Masar a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, yana amfani da nauyin ruwa wajen daidaita ƙarfin iskar.

Kowane bututu murya ɗaya tak yake bayarwa, kuma daga nan yawansu ya samo asali. Allon maɓallan hannu yakan ƙunshi maɓalli 61, na ƙafa kuma 32, saboda haka kowane launin sauti yana bukatar nasa cikakken sahun bututai, ɗaya ga kowane maɓalli. Makaɗi yana da wasu maɗaukai a gefensa waɗanda idan ya ja ɗaya sai sahu guda ya samu iska, idan ya mayar sai sahun ya yi shiru, kuma gwanintarsa ta fi bayyana wajen sanin sahun da zai haɗa da wani. Tsawon bututu ne ke yanke kaurin muryarsa: sahun da mafi tsawon bututunsa ya kai ƙafa 8 yana ba da muryar da ta yi daidai da ta piyano, idan aka ninka tsawon sai girgizar iskar ta ragu da rabi, har a kai ga mai ƙafa 32 wanda ke girgiza kusan sau 16 a cikin sakan ɗaya, sautin da mutum ya fi jin sa a ƙirji da ƙasan ƙafa fiye da kunne. Bututan iri biyu ne, wasu suna aiki kamar sarewa inda iska ke tsagewa a kan leɓe, wasu kuma dangin algaita ne, suna da ɗan harshen tagulla da ke kaɗawa. Ana yin su da katako ko da gaurayen kuza da dalma. Duka suna tsaye a kan akwatin iska wanda zugazugi ke cikawa, kuma kafin zuwan lantarki ƙarti ne ke tsayawa a bayan fage suna zuga har a tashi daga sujada.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta shi ne cewa ba a sayen irin wannan organ a kanti a ɗauko a ajiye. Ana ƙera shi ne domin ɗaki guda, a auna tsayin rufin da yadda bango ke mayar da amo, sannan bayan an kafa shi ƙwararre ya bi bututan ɗaya bayan ɗaya yana gyara bakinsu har muryoyin su zauna daidai da wurin. Saboda haka tarihin organ da tarihin ginin da yake ciki ba sa rabuwa, kuma Cocin Trinity da ke bakin titin Wall Street a New York ya nuna hakan fiye da yawancin majami'u.

Trinity ikilisiya ce ta ɗariƙar Episkofal, wato reshen Amurka na dangin Angilikan, kalmar Episkofal kuma tana nufin cocin da bishop-bishop ke shugabanta. Sarki William na 3 na Ingila ne ya ba ta takardar izini a 1697, aka buɗe ginin farko a 1698, sannan a 1705 Sarauniya Anne ta ba ta filin da ya kai eka 215 a tsibirin Manhattan, wanda ragowarsa ce tushen dukiyar ikilisiyar har yau. Ta yi fiye da shekara 40 ana waƙa ba tare da organ ba, sai a 1741 wani Bajamushe mazaunin Philadelphia, Johann Klemm, ya kammala mata na farko. A 1764 aka maye gurbinsa da wanda John Snetzler ya ƙera a Landan, amma bai daɗe ba, domin gobarar da ta ci wani babban yanki na birnin a 1776, a tsakiyar yaƙin neman 'yancin Amurka, ta lashe cocin da abin da ke cikinsa. Yaƙin ya kuma raba Angilikan na Amurka da sarautar Ingila, suka tsara cocinsu mai cin gashin kansa a 1789, kuma limamin Trinity, Samuel Provoost, shi ne bishop na farko na New York.

Gini na biyu, wanda aka keɓe a 1790, nauyin dusar ƙanƙara ne ya raunana shi har aka rushe shi a 1839. Na uku, wanda Richard Upjohn ya zana kuma aka keɓe a 1846, shi ne ke tsaye yanzu, da hasumiyarsa mai ƙafa 281 wadda ta fi kowane gini tsayi a birnin har zuwa 1890. Henry Erben ne ya ƙera masa organ, bisa tsarin makaɗin cocin, Edward Hodges, mutumin Bristol. A ƙarni na 20 aka sake sauye-sauye har kayan kamfanin Aeolian-Skinner suka zama muryar cocin.

Ranar 11 ga Satumba, 2001, ginin ya tsira duk da kusancinsa da tagwayen benayen da suka rushe, amma ƙura da toka sun cika shi, kuma babu abin da ke kashe organ kamar ƙura, domin tana toshe siririn bakin bututu, tana kuma cin fatar tumakin da ke rufe ƙofofin iska. Aka kwance shi aka ajiye. A 2003 kamfanin Marshall & Ogletree ya kafa wani na kwamfuta, wanda ke fitar da muryoyin bututai na gaske da aka naɗa, ta cikin tarin lasifikoki. Masana da yawa sun yaba ingancinsa, wasu ma suka ce an kai lokacin da bututu ya zama tsohon yayi.

A ganina ikilisiyar ta yi daidai da ba ta tsaya a nan ba. Lasifika tana maimaita muryar da aka naɗa a wani ɗaki ne, amma dubban bututai da ke warwatse a gaba da bayan coci suna motsa iskar da masu waƙa ke shaƙa, suna ɗan saɓa wa juna ta hanyar da ke sa sautin ya yi rai, kuma mai waƙa a tsakiyar jama'a yana jin an tallafe muryarsa. Trinity ta ba kamfanin Glatter-Götz na Jamus aikin ƙera sabo, tare da Manuel Rosales na Los Angeles a matsayin mai tsara muryoyinsa, aka ƙaddamar da shi a 2025 da bututai fiye da 8,000. Hidimarsa kuwa ba ta ƙare da ƙaddamarwa ba, domin zafi yana ɗaga muryar bututu, sanyi yana saukar da ita, don haka dole masu saiti su riƙa hawa cikinsa a kai a kai, musamman idan yanayi ya juya.