Biyan kuɗin allurar rage ƙiba a tsarin lafiyar gwamnatin Ingila

Hukumar lafiya ta ƙasa a Ingila, wato NHS, tana kula da marasa lafiya da kuɗin haraji, kuma tun daga 2023 ta fara ɗaukar nauyin sababbin alluran rage ƙiba ga wasu rukunin mutane. Alluran biyu ne: semaglutide, wadda kamfanin Novo Nordisk na Danmak ke sayarwa da sunan Wegovy, da tirzepatide, wadda kamfanin Eli Lilly na Amurka ke sayarwa da sunan Mounjaro. Dukkansu sau ɗaya ake yi a mako, a ƙarƙashin fatar ciki ko cinya ko dantse, da wata na'ura mai kama da biro. Suna kwaikwayon sinadarin da hanji ke saki bayan an ci abinci, sai mutum ya ji ƙoshi da wuri, abincin kuma ya daɗe bai bar tumbi ba.

Wa ke yanke hukunci

NHS ba ta sayen sabon magani sai NICE, hukumar da ke tantance magunguna domin NHS, ta auna amfaninsa da tsadarsa. Idan NICE ta amince, a bisa ƙa'ida NHS na da wata uku ta samar da shi. A watan Maris na 2023 NICE ta amince da Wegovy, amma da sharuɗɗa: galibi sai mai BMI (ma'aunin ƙiba) 35 ko fiye, wanda kuma yake da aƙalla ciwo ɗaya mai alaƙa da ƙiba, sai a asibitin ƙwararru na kula da nauyi, kuma kada a wuce shekara biyu ana ba shi.

Ana samun BMI ne ta raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau kansa. Mai tsawon mita 1.70 yakan kai 35 idan nauyinsa ya kai kusan kilo 101, ya kai 40 a kusan kilo 116. Ga 'yan asalin Afirka baƙar fata, da na Karibiyan, Kudancin Asiya, Sin da Gabas ta Tsakiya, ana rage 2.5 daga kowace iyaka, domin ciwon sukari da makamantansa kan kama su tun nauyinsu bai kai na Turawa ba. Ke nan Bahaushen da ke zaune a Landan ko Manchesta, mai wancan tsawon, inda aka sa iyakar BMI 40, tasa ta koma 37.5, wajen kilo 108.

Mounjaro da layin shekara 12

A Disamba 2024 NICE ta amince da Mounjaro bisa BMI 35 da ciwo ɗaya, ba tare da iyakar shekara biyu ba, kuma ta yarda likitocin unguwa su rubuta shi. A nan lissafi ya tsaya wa hukuma a wuya: kimanin mutum miliyan 3.4 ne suka cika sharuɗɗan a Ingila. NHS ta nemi a ɗage mata dokar wata uku, aka amince a shigo da mutane kaɗan-kaɗan cikin tsawon da zai iya kai shekara 12, da mutum kusan 220,000 a shekaru ukun farko.

Daga 23 ga Yuni 2025 rukunin farko ya fara: BMI 40 ko fiye, tare da huɗu daga cikin cututtuka biyar, wato ciwon sukari nau'i na biyu, hawan jini, ciwon zuciya da jijiyoyin jini, ɗaukewar numfashi a cikin barci, da rikicewar kitse a jini. Rukuni na biyu masu BMI 35 zuwa 39.9 ne da cututtuka huɗu, na uku kuma masu 40 da cututtuka uku. Wannan tsari ya sa waɗanda suka fi jigata a gaba, kuma hakan daidai ne. Illarsa ita ce mai BMI 38 da hawan jini kaɗai, wanda maganin zai iya tsare shi daga ciwon sukari, sai ya jira har jikinsa ya ƙara lalacewa kafin ya cancanta.

Yadda ake bayarwa

Wegovy ana fara shi da miligiram 0.25, a riƙa ƙarawa duk bayan mako huɗu zuwa 0.5, 1, 1.7 har 2.4. Mounjaro daga 2.5 yake farawa, ana ƙara 2.5 a kowane mataki, iyakarsa 15. Hawa a hankali don rage tashin zuciya, amai, gudawa da taurin bayan gida ne, waɗanda suka fi tsananta idan an yi gaggawa. Akan kuma samu tsakuwa a matsarmama, musamman idan nauyi ya zube da sauri. Macen da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa ana ba ta shawarar ƙara wata hanyar kariya na mako huɗu bayan fara Mounjaro da bayan kowane ƙari, domin maganin na iya rage shigar ƙwayar jiki. Allurar tana tafiya ne tare da tsarin rage abinci da motsa jiki, kuma idan mutum ya yi wata shida a kan adadi mafi yawa da jikinsa ke iya ɗauka bai rage kashi 5 cikin 100 na nauyinsa ba, likita zai sake duba ko a ci gaba. Majiyyaci yana biyan kuɗin takardar magani na yau da kullum, fam 9.90, in ba ya cikin waɗanda aka yafe wa.

Inda matsalar take

A gwajin Wegovy mutane sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68, a na Mounjaro kuwa kusan kashi 21 a mako 72 a kan miligiram 15. Amma da aka bi sawun waɗanda suka daina semaglutide, sai aka ga cikin shekara ɗaya kusan kashi biyu bisa uku na nauyin ya dawo. Wannan ya sa likitoci da dama ke sukar iyakar shekara biyu: ba wanda ke tsayar da maganin hawan jini don jinin ya sauka. Sai dai idan magani na tsawon rai ne, kuma miliyoyi ke buƙata, kasafin kuɗin ba zai ɗauka a lokaci ɗaya ba.

Jiran ya tura jama'a da yawa saye da aljihunsu daga kantunan magani na intanet. A 2023 hakan ya jawo ƙarancin Ozempic, wanda semaglutide ne da aka tanada don masu ciwon sukari, har gwamnati ta umarci likitoci su daina rubuta shi don rage ƙiba kawai. A shekarar ce kuma aka kama jabun na'urorin allurar, wasu ɗauke da insulin, maganin masu ciwon sukari. A Satumba 2025 Eli Lilly ya ɗaga farashin Mounjaro a kasuwa, kuɗin allura mafi ƙarfi ya tashi daga fam 122 zuwa 330 a wata, ba tare da ya shafi farashin NHS ba.

A wasu ƙasashe

Dokar inshorar gwamnatin Jamus ta cire magungunan rage nauyi daga abin da ake biya. A Amurka, dokar 2003 da ta kafa sashen magunguna na Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, ta hana biyan magani don rage nauyi, amma a Maris 2024 aka buɗe ƙofa ga Wegovy idan an rubuta shi don kare mai ciwon zuciya, bayan gwajin da aka yi wa mutum fiye da 17,000 ya nuna raguwar haɗarin bugun zuciya, shanyewar jiki da mutuwa ta dalilinsu da kashi 20 cikin 100.