Kare gine-ginen tarihi a cikin birane

Kare gine-ginen tarihi a birane shi ne duk wani ƙoƙari da gwamnati ko ƙungiyoyi ko mazauna gari ke yi dan kar a rushe tsoffin gine-gine da unguwanni masu tarihi ko a canza musu kama, musamman lokacin da masu kuɗi ke neman filin dan su gina abin da zai fi kawo riba, kamar otal, ofisoshi, manyan shaguna da gidajen haya masu hawa da yawa. Abin ya haɗa da ganuwa da ƙofofin gari, fadoji, wuraren ibada, tashoshin jirgin ƙasa, tsoffin kasuwanni, har da layin gidajen talakawa in dai sun daɗe kuma tsarinsu yana nuna yadda mutanen da suka rayu. Yawancin dokokin da ake aiki da su yau a wannan fanni an yi su ne bayan an riga an yi asarar wani gini da mutanen gari ke ƙauna.

Tushen matsalar

Tsohon gini galibi a tsakiyar gari yake, dan nan garin ya fara, kuma nan ɗin ne fili ya fi tsada. To gini mai hawa biyu ko uku da ke zaune a kan filin da doka ta yarda a ɗora hawa arba'in, mai shi in ya zauna ya yi lissafi sai ya ga kullum asara yake yi. Ga kuma kuɗin gyara, saboda tsohon gini ba kowane magini ke iya taɓa shi ba sai wanda ya san aikin dutse ko katako ko ƙasa irin na da. Amfanin ginin na kowa ne a garin har da wanda bai taɓa shiga ciki ba, amma nauyin riƙe shi yana wuyan mutum ɗaya ko gida ɗaya, in kuwa gado ne magada suka yi yawa kowa na son kasonsa a hannu, to sayarwa ita ce hanya mafi sauƙi.

Farkon dokoki

Faransa na cikin ƙasashen da suka fara ɗaukar abin a matsayin aikin gwamnati, bayan ɓarnar da aka yi wa coci-coci da fadoji a zamanin juyin juya hali. A 1830 aka ƙirƙiro muƙamin babban sufeton gine-ginen tarihi, a 1834 marubuci Prosper Mérimée ya hau kujerar ya yi ta zagaya ƙasar yana duba gine-gine, a 1840 aka fitar da jerin farko. Dokar 1913 ita ce har yanzu ginshiƙi a can, a 1943 kuma aka ƙara cewa duk abin da za a gina a tazarar mita 500 daga ginin da ke ƙarƙashin kariya sai an nemi izini. Amma jerin 1840 bai hana Haussmann, jami'in da ke kula da birnin Faris a lokacin, share tsoffin unguwannin Faris da yawa ba tsakanin 1853 da 1870 dan buɗe manyan tituna, saboda a lokacin gini ɗaya ɗaya ake karewa, ba wanda ke ganin unguwa gaba ɗayanta abin tarihi ce. Sai a 1962 dokar da ake kira da sunan minista André Malraux ta ba da damar kare unguwa dungum, unguwar Marais da ke Faris na cikin waɗanda suka ci moriyarta.

A Birtaniya William Morris da abokansa sun kafa ƙungiyar kare tsoffin gine-gine a 1877, dokar farko ta zo a 1882 amma kusan duk wuraren da ta shafa kufai ne da duwatsun mutanen farko a karkara, ba ta taɓa gidajen cikin gari ba dan masu ƙasa ba za su yarda ba. Sa gine-gine a rajista ya fara ne da dokokin tsara gari na 1944 da 1947, bayan bama-baman yaƙin duniya na biyu sun nuna wa mutane yadda gari ke ɓacewa a dare ɗaya.

Shekarun rusau, 1950 zuwa 1970 da 'yan kai

Wannan shi ne lokacin da aka fi yin ɓarna, kuma a nan ne ra'ayin jama'a ya juya. Misalin da aka fi kawowa shi ne tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a New York. An buɗe ta a 1910, kamfanin McKim, Mead & White ne ya zana ta, babban ɗakin jiran fasinja an kwaikwayo shi daga wurin wanka na Caracalla a tsohon birnin Rum, ga ginshiƙan dutse manya manya ga rufin gilashi. Da motoci da jiragen sama suka kwashe fasinjoji kamfanin jirgin ya shiga matsin kuɗi, sai ya yarda a rushe ginin da ke sama a bar layukan jirgi a ƙarƙashin ƙasa, a ɗora filin wasa na Madison Square Garden da ofisoshi a kai. Wasu masu zanen gine-gine sun yi zanga-zanga a bakin tashar a 1962 amma babu wata doka da za su dogara da ita, a watan Oktoba 1963 aka fara rushewa, aikin ya ɗauki kusan shekara uku, aka je aka zubar da duwatsu da gumakan a fadamar New Jersey. Gini ne da bai wuce shekara hamsin da 'yan kai ba kuma lafiyarsa ƙalau. A watan Afrilu 1965 magajin gari Robert Wagner ya sa hannu a dokar kare gine-ginen tarihi ta birnin, a 1966 gwamnatin tarayyar Amurka ta yi tata.

Gwajin dokar ya zo a kan ɗaya tashar, Grand Central, wadda aka sa a kariya a 1967. Kamfanin jirgin ƙasa na Penn Central, mai tashar, ya kawo zanen hasumiyar ofisoshi mai hawa hamsin da ɗoriya da za a ɗora a kanta, hukumar ta ƙi, kamfanin ya tafi kotu yana cewa wannan daidai yake da ƙwace masa dukiya ba diyya. Jacqueline Kennedy Onassis, matar marigayi shugaban Amurka John Kennedy, ta shiga sahun masu kare tashar, wanda ya sa maganar ta shiga jaridu sosai. A watan Yuni 1978 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai 6 da 3, cewa birnin bai ƙwace komai ba tunda kamfanin yana iya ci gaba da amfani da tashar yadda ya saba yana samun kuɗi, kuma an bar masa damar ya mayar da ikon ɗora hawan da ya rasa zuwa wasu filaye na kusa. Har yau wannan hukunci shi ake kafa hujja da shi a Amurka.

Landan ma kusan haka ta faru. An rushe ƙofar tashar Euston daga ƙarshen 1961 duk da roƙon da aka kai har wurin firaminista, amma haushin abin ya taimaka aka ceci tashar St Pancras da ke kusa, wadda aka sa a mataki na ɗaya na kariya a 1967, mawaƙi John Betjeman na cikin waɗanda suka tsaya mata, daga 2007 kuma ita ce tashar jirgin da ke zuwa Faris. A Covent Garden hukuma ta so share unguwar bayan kasuwar kayan lambu ta tashi, mazauna suka ƙi, a 1973 minista ya sa gine-gine wajen 250 a rajista lokaci guda, shirin ya mutu, aka sake buɗe ginin kasuwar a 1980 da shaguna a ciki. Faris kuwa ba ta ceci tata ba, kasuwar Les Halles ta koma Rungis a bayan gari a 1969, aka fara rushe rumfunan ƙarfen kasuwar waɗanda Baltard ya zana a 1971, aka gina cibiyar shaguna ta ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 1979. Ana yawan cewa nadamar wannan ce ta tsirar da tashar Orsay, wadda ta zama gidan adana kayan fasaha a 1986.

A Beijin masanin gine-gine Liang Sicheng tare da Chen Zhanxiang sun ba da shawara a 1950 cewa a gina sabuwar cibiyar gwamnati a yammacin tsohon gari a bar ganuwa da ƙofofinta, ba a saurare su ba. An yi ta cin ganuwar kaɗan kaɗan, mafi yawanta ta tafi a shekarun 1960 lokacin aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda take a da yanzu titin zobe na biyu ne. Ƙofar Yongdingmen da aka rushe a 1957 sai da aka sake gina ta wajen 2004. Daga shekarun 1990 kuma kamfanonin gidaje ne suka ci gaba da share tsoffin lungunan da ake kira hutong.

Yarjejeniyoyin duniya

Akwai takardar Athens ta 1931 da ta Venis ta 1964, wadda ta ce muhallin da gini ke ciki ma ɓangare ne na darajarsa, sai ICOMOS, ƙungiyar masana kare wuraren tarihi ta duniya, da aka kafa a 1965, sai yarjejeniyar UNESCO ta kayan gadon duniya a 1972. UNESCO ba ta da ikon tsayar da katafila, abin da kawai take iya yi shi ne ta sa wuri a jerin waɗanda ke cikin haɗari ko ta cire shi daga jerin kayan gadon duniya gaba ɗaya. Ta cire kwarin Elbe na Dresden a Jamus a 2009 saboda gada, ta cire Liverpool a 2021, wadda ta shiga jerin kayan gadon duniya a 2004, saboda manyan gine-ginen da aka shirya a bakin tashar jiragen ruwa har da sabon filin ƙwallon Everton. Tsakiyar Vienna ta shiga jerin haɗari a 2017 a kan wata doguwar hasumiya da aka so ginawa a Heumarkt.

Hanyoyin karewa

Na farko rajista, wato a rubuta gini a jerin hukuma ta yadda ba a rushewa ko a canza shi sai da izini, na biyu a kare unguwa gaba ɗaya a ƙayyade tsayin gini, kamar yadda Singafo ta yi a 1989 da unguwanni irin su Chinatown, Kampong Glam da Little India, yanzu tana da gine-gine sama da 7,000 a ƙarƙashin kariya. Amma hani kaɗai ba ya riƙe gini in mai shi ba ya samun komai, shi ya sa ake haɗawa da kuɗi: a Amurka ana rage wa mai gini kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyara daga harajinsa in ginin na kawo kuɗin shiga, wasu biranen kuma suna barinsa ya sayar da hawan da aka hana shi ɗorawa ga wani mai fili. Hanyar da ta fi ɗorewa dai ita ce a nemo wa ginin sabon aiki, sito ya zama gidaje, tashar lantarki ta zama gidan kallo kamar Tate Modern a Landan da aka buɗe a 2000, saboda ginin da ake shiga ana fita kullum shi ake gyara wa rufi.

Yadda ake kauce wa doka

Wasu suna barin ginin ba gyara, ruwa ya yi ta shiga har ya zama haɗari, sai a ce dole a rushe dan tsaron lafiya. Wasu suna rigan hukuma, kamar masana'antar Firestone a yammacin Landan da aka rushe a ƙarshen makon hutu na watan Agusta 1980 ana dab da sa ta a rajista. A Legas gidan Ilojo Bar, mai salon ginin 'yantattun bayin da suka dawo daga Brazil, wanda aka ce an gina wajen 1855 kuma yana cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, an rushe shi a ranar 11 ga Satumba 2016. Inda tara ba ta kai ribar da za a samu ba, ɗan kwangila yana sa ta ne kawai a cikin lissafin kuɗin aiki. Wani lokacin hukuma na tsayawa, mashayar Carlton Tavern a Landan da aka rushe ba izini a 2015 majalisar Westminster ta sa an sake gina ta bulo da bulo yadda take, ta buɗe a 2021, amma irin wannan ba shi da yawa.

Saɓani

Masu suka suna cewa yawan kariya yana hana gina sabbin gidaje yana ƙara tsadar haya, wani lokacin ma masu hali ne ke fakewa da tarihi dan kar a yi musu gini kusa. Akwai gaskiya a ciki, kuma unguwar da aka gyara sau da yawa talakawan da suka riƙe ta shekara da shekaru su ke fara tashi, Marais ita kanta haka ta faru da ita. Barin fuskar gini kawai a rushe cikinsa a ɗora sabo, wasu na ganin sulhu ne wasu na ganin rushewa ce da wani suna. Tsakiyar Beirut da kamfanin Solidere ya sake ginawa daga 1994 ana yaba shi da gyara wasu tituna, ana kuma zarginsa da rushe gine-ginen da za su gyaru da biyan masu su da hannun jari. A Makka an rushe sansanin Ajyad na zamanin Usmaniyya, wanda aka gina wajen ƙarshen ƙarni na 18, a farkon 2002 dan gina hasumiyoyin Abraj al-Bait, Turkiyya ta yi Allah wadai, Saudiyya ta ce harkar cikin gidanta ce kuma ana buƙatar wurin dan masaukin alhazai.