Ƙananan maganaɗisu a wasannin yaƙi na kan tebur

Ƙananan maganaɗisu na wasannin yaƙi na kan tebur wasu 'yan ƙwayoyi ne masu siffar faifai, waɗanda faɗinsu yakan kama daga milimita 1 zuwa wajen 10. Masu wasan suna binne su a jikin 'yan mutum-mutumin sojoji da motocin yaƙi da gine-ginen da ake jerawa a tebur a matsayin fagen daga, domin a riƙa cire sashe ana mayarwa ba tare da an liƙe shi da gam ba. Kusan dukkansu da haɗin niyodimiyam da baƙin ƙarfe da boron ake yin su, wato nau'in da ya fi kowane ƙarfi a cikin maganaɗisun dindindin da ake sayarwa. Wasan ya fi kafuwa a Birtaniya da sauran Turai da Amurka, shi ya sa ma'aunin inci da na milimita suke cuɗanya a kasuwar.

Yadda wasan ya buƙaci maganaɗisu

Ana danganta wasan yaƙi na zamani da Kriegsspiel na ƙasar Purushiya, tsohuwar masarauta a yankin Jamus, wanda Georg von Reisswitz ya gabatar wa sarki a 1812, ɗansa kuma ya sake masa fasali a 1824 har rundunar soja ta karɓe shi don horar da hafsoshi. A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fito da dabarar zuba sojojin dalma masu rami a ciki, farashinsu ya sauko, kuma da irinsu ne H. G. Wells ya tsara dokokin wasan da ya wallafa a 1913. Sojan dalma guda ɗaya ne cur, da bindigarsa da hularsa. Babu abin cirewa a jikinsa, don haka babu wanda ya yi tunanin maganaɗisu.

Abin ya sauya ne bayan kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, ya fitar da wasannin Warhammer a 1983 da Warhammer 40,000 a 1987. Daga wajen ƙarshen shekarun 1990 kayan roba masu sassa da yawa suka fara ture na ƙarfe. Kwali ɗaya yakan zo da gangar jiki guda amma makamai uku ko huɗu, kowane da darajarsa a dokokin wasa. A gasa da dama akwai ƙa'idar cewa makamin da ake gani a hannun soja shi ne makaminsa a wasa, sannan dokokin suna canzawa da kowane sabon bugu. Wanda ya liƙe igwa a kan tankarsa bana, baɗi yana iya tarar da ita ta zama mafi rauni, sai ya sake sayen wata tankar. Maganaɗisu ya toshe wannan ɓarakar, domin tanka ɗaya takan ɗauki duk makaman da suka zo a kwalinta.

Kafin wannan, masu wasannin yaƙoƙin tarihi sun daɗe suna liƙa falle na maganaɗisun roba a ƙarƙashin sojoji don su tsaya a tiren ƙarfe. Har yanzu ana yi.

Tarihin maganaɗisun niyodimiyam

Carl Auer von Welsbach ne ya ware sinadarin niyodimiyam a Viyana a 1885, lokacin da ya nuna cewa abin da ake kira didimiyam sinadarai biyu ne a haɗe. An shafe shekaru da dama babban aikinsa bai wuce rina gilashi ba. A wannan tsakanin, maganaɗisun dindindin ya bi wasu hanyoyi dabam: ƙarfen KS na Kotaro Honda a Japan a 1917, haɗin alminiyam da nikel na Tokushichi Mishima a 1931 wanda ya haifi alniko, sai ferayit mai araha da kamfanin Philips ya yaɗa a shekarun 1950. Duk cikinsu babu wanda za a yanka ƙanƙane kamar ƙwayar dawa ya riƙe hannun mutum-mutumi.

Binciken Karl Strnat a Amurka a tsakiyar shekarun 1960 ya kai ga maganaɗisun samariyam da kobalt, mai ƙarfi ƙwarai amma mai tsada. A 1978 faɗan lardin Shaba na ƙasar Zayar, inda ake haƙo kaso mai yawa na kobalt ɗin duniya, ya sa farashinsa ya ninka sau da dama cikin ɗan lokaci, masana'antu suka shiga neman mafita. Mafitar ita ce haɗin niyodimiyam da baƙin ƙarfe da boron, kuma mutum biyu ne suka cimma ta, kowa a nasa ɓangaren: Masato Sagawa na kamfanin Sumitomo Special Metals a Japan, da John Croat na General Motors a Amurka. Dukansu sun bayyana sakamakonsu a taro ɗaya a birnin Pittsburgh a watan Nuwamba na 1983. Wasu suna ba da 1982 a matsayin shekarar ganowa, wasu 1984.

Hanyoyinsu sun bambanta. General Motors ya riƙa sanyaya narkakken haɗin cikin gaggawa ya zama gari, a cuɗa da roba a matse. Daga nan kamfanin Magnequench ya fito a 1986. Sagawa kuwa niƙa haɗin yake yi, a jera ƙwayoyin garin su fuskanci waje ɗaya a ƙarƙashin ƙarfin maganaɗisu, a danne, a gasa har su haɗe, a yayyanka, a lulluɓe, sai a ƙarshe a cusa masa ƙarfin. Wannan hanya ta biyu ita ce ke ba da mafi ƙarfi, kuma ita ce tushen 'yan fayafayan da masu wasa ke saye. Ita ce kuma dalilin halayensu biyu: gautsi, da kasancewar alƙiblar ƙarfin a kafe tun daga masana'anta. An ba Sagawa lambar yabo ta Sarauniya Elizabeth ta aikin injiniya a 2022.

A 1995 aka sayar da Magnequench ga wata gamayya da ta haɗa da kamfanonin ƙasar Sin, kuma cikin shekarun da suka biyo baya ƙera wannan maganaɗisu ya koma can. A yau Sin ce ke yin mafi rinjayensa a duniya, da ma'adinan da ake haƙowa a wurare irin Bayan Obo kusa da Baotou. Yawaitar kayan Sin da cinikin intanet ne suka sa ƙwayoyi ɗari suka zama abin da ɗan wasa zai saya da kuɗin aljihu, wajen farkon shekarun 2000.

Girma da siffa

Ana rubuta girman faifai da lamba biyu, faɗi sannan kauri. Wanda aka rubuta 3×1 yana da faɗin milimita 3 da kaurin milimita 1. A al'adar masu wasa, 2×1 na wuyan hannu ne da ƙananan makamai, 3×1 da 3×2 na kafaɗu da jakunkunan baya, 5×1 zuwa 6×2 na kan tanka da manyan dodanni da ƙarƙashin gindin da soja ke tsaye a kai. Masu sayarwa a Amurka inci suke amfani da shi, kuma nan ne ake yawan yin kuskure: faifai mai kashi ɗaya bisa takwas na inci milimita 3.175 ne, ba zai shiga ramin da aka huda da bakin milimita 3 ba, sai na 3.2.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a sa mafi faɗin da wurin zai ɗauka ba tare da gefen robar ya tsage ba. Ƙarin kauri yana ƙara ƙarfi, amma ribar tana raguwa da zarar kaurin ya doshi faɗin. Sirara biyu da aka ɗora wa juna suna aiki kusan kamar mai kauri ɗaya, saboda haka wanda ya sayi masu kaurin milimita 1 da yawa ya rufe buƙatu biyu.

Ƙarfin riƙo da ake rubutawa a talla an auna shi ne da jan faifan kai tsaye daga farantin ƙarfe mai kauri mai santsi. A tebur ba haka abin yake ba. Doguwar bindiga a hannun soja tana neman juyawa ne ta sunkuya, kuma maganaɗisu ya fi rauni sosai a wajen zamewa ta gefe fiye da ja. Faifai mai da'ira ba ya hana juyi ko kaɗan. Maganin da masu gwaninta ke yi shi ne su dasa ɗan guntun waya kusa da faifan, ko su jera ƙanana biyu. Tazara ma tana cin ƙarfi fiye da yadda ake zato, har shafin fenti mai kauri ana jin bambancinsa a kan faifan milimita 2.

Akwai kuma alƙibla: kowane maganaɗisu yana da kawuna biyu, arewa da kudu, masu bambanci suna jan juna, iri ɗaya kuma suna ture juna. Faifan da ake buƙata shi ne wanda kan arewa yake fuska ɗaya, kan kudu ɗaya fuskar. Akwai waɗanda aka raba kawunansu gefe da gefe don injuna da na'urorin auna juyi, kuma a ido ba a bambance su.

Daraja

Lambobin daraja N35 zuwa N52 da masu sayarwa ke rubutawa suna nuna yawan kuzarin da haɗin ke iya riƙewa. A girma ɗaya, N52 yakan fi N35 riƙo da abin da ya kusa rabi. Wannan yana da amfani a wuyan hannu, inda babu wurin faɗaɗawa. A ƙarƙashin gindi ko a bangon gini, ƙarin milimita ɗaya a faɗi yakan biya buƙatar da kuɗi kaɗan. Ƙarfi ma yana iya wuce kima, har ya fizge faifan daga raminsa ko ya ɓalle siririn sashe.

Maganaɗisun da babu harafi bayan lambarsa yana fara rasa ƙarfi na dindindin a wajen digiri 80 na Salsiyas. Haruffan M da H da SH suna nuna jurewar digiri 100 da 120 da 150, kuma wasa ba ya buƙatarsu, sai dai wannan iyakar ce ta sa ake guje wa gam na bindiga mai zafi.

Ana taƙaddama kan ko duk abin da ake tallatawa da sunan N52 a manyan kasuwannin intanet N52 ɗin ne. Mai saye ba shi da hanyar tantancewa da ido.

Gine-gine da fagen daga

A nan nauyi ya fi yawa kuma adadin ma ya fi, don haka ba kasafai ake haɗa maganaɗisu da maganaɗisu ba. Ana sa faifai a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma wosha ko fallen ƙarfe. Kuɗi ya ragu, kuma matsalar kawuna ta kau, tunda ƙarfe ba ya ture kowace fuska. Itatuwa masu wosha a gindi suna tsayawa a kan tudu, ana kuma ɗage su idan runduna za ta ratsa daji.

Fale-falen da ake jera ɗakunan kurkukun wasa da su, waɗanda ake haɗawa ta kowane gefe, suna da matsala ta musamman: idan an liƙe fayafai, gefen wannan zai ja na wancan amma ya ture na uku. Masu buga gine-gine da na'urar 3D sun warware ta da 'yan dunƙulallun maganaɗisu masu milimita 5, waɗanda ake sakawa a rami ba tare da gam ba, su juya da kansu su nemi abokin haɗi. Riƙonsu bai kai na faifai ba domin a ɗigo ɗaya kawai suke taɓawa.

Fallen maganaɗisun roba da fallen ƙarfen roba abubuwa biyu ne dabam da ake yawan rikitawa. Na biyun ne ake shimfiɗawa a akwatin ɗaukar sojoji masu niyodimiyam a gindi.

Sakawa

Ana huda ramin da ɗan abin huda na hannu, a ɗiga sufagulu, a tura faifan daga saman jerin 'yan'uwansa sannan a zame jerin gefe. Kayan aikin ƙarfe suna fizge shi, shi ya sa ake dannawa da tsinke ko roba. Lulluɓin nikel da tagulla da nikel da ke hana shi tsatsa yana da santsi, kuma wasu suna ɗan goge fuskar da za ta sha gam. A manyan sassa gam mai haɗi biyu ya fi riƙewa. Yawancin masu wasa suna ajiye soja ɗaya ko sanda mai alama a matsayin ma'aunin fuskar da faifai zai kalla, domin kowane hannun dama a rundunar ya shiga kowace kafaɗar dama. Ba a huda maganaɗisun kansa ko a gurza shi da magagari: yana farfashewa, garinsa kuma yana kama wuta.

Kasuwa

Akwai dillalan maganaɗisu zalla irin K&J Magnetics a Amurka da supermagnete a Turai, masu bayyana daraja da iyakar kuskuren awo; akwai shagunan kayan wasa irin Green Stuff World na Sifaniya; sai manyan kasuwanni irin AliExpress da eBay, inda ya fi araha amma kauri kan gaza abin da aka rubuta. Farashi ya yi tashin gwauron zabo a 2011 bayan Sin ta rage yawan ma'adinan da take fitarwa, kuma a Afrilun 2025 ta ƙaƙaba neman lasisi kan fitar da wasu daga cikinsu.

Haɗari da dokoki

Idan yaro ya haɗiyi maganaɗisu biyu ko fiye, suna iya jan juna ta bangon hanji su huda shi, abin da kan kai ga tiyatar gaggawa ko mutuwa. An janye kayan wasan Magnetix daga kasuwar Amurka a 2006 saboda haka. Hukumar kare masu saye ta ƙasar ta hana sayar da tarin dunƙulallun maganaɗisu a 2014, kotu ta soke hanin a 2016, sabuwar ƙa'ida ta fara aiki a Oktoban 2022. Ana kuma gargaɗin masu na'urar daidaita bugun zuciya da su nisanta maganaɗisun daga ƙirjinsu.