Zafin tirenin da maganar kyaftin: tambayoyin da ake yawan yi a zango

Wai 'yan kulob ɗaya ne, to me ya kawo kwasar ƙafar juna a tirenin?

Lissafi ne ɗan'uwa. Kulob kamar Asante Kotoko ta Kumasi 'yan wasanta sun haura 20, amma 11 ne kawai za su fara wasa a filin Baba Yara, kuma koci tun a Adako Jachie, wurin tirenin ɗinsu, yake gama zaɓensa, cikin sati. Wanda ya daɗe a benci ejan ba ya ganinsa, Black Stars ba ta kiransa, ga iyali a Aboabo ko Asawase suna jiran ɗan abin da zai turo. Masu tsaron raga ma sun fi ban tausayi, mutum uku suna atisaye tare suna jefa wa juna ƙwallo, alhali wurin na mutum ɗaya ne.

To zafin nan alheri ne?

Ni dai a ganina alheri ne, ɗan bayan da ba a matsa masa ranar Laraba ba wallahi ranar Lahadi da Hearts of Oak zai sha wahala. Amma akwai iyaka. Ka shiga ƙwallo da ƙarfi daban, ka nufi idon sawun abokinka don ka gaji lambarsa daban, wannan mugunta ce.

Ina aikin kyaftin a nan?

Shi ne mai ganin iyakar kafin koci ya busa usur. Yaro sabon zuwa daga kolts, wato ƙwallon yara, ya yi wa babba wulaƙanci da ƙwallo, babban ya tashi zai rama, kyaftin ne zai ja shi gefe ya ce yaya bari, shi kuma yaron a ce masa ci gaba, kar ka ji tsoro. In shi kansa yana latti ko yana ha'inci a gudu, ba mai jin maganarsa ko da ƙyallen kyaftin na hannunsa.

Ba wanda ya fi iya ƙwallo ake ba ba?

Ba dole ba, kuma mu a Ghana maganar nan ta sha ƙona mu. Kafin gasar Kofin Afirka ta 1992 aka karɓe kyaftin ɗin Black Stars daga Kwasi Appiah aka ba Abedi Pele, ranar fainal da Kodebuwa a Senegal Abedi na da kati bai buga ba, aka ɗaura wa Tony Baffoe, ga Tony Yeboah a fili, muka faɗi a fenareti 11 da 10, har yau dattawa na musu a kai. A 2019 kuma Appiah ɗin ne koci, ya ba Andre Ayew, Asamoah Gyan da aka karɓe daga hannunsa ya ce ya daina buga wa ƙasa, sai da shugaba Akufo-Addo ya sa baki ya dawo aka tafi Kofin Afirka a Masar da shi.